Fuskar Suruki a Jikin Buhu

Tun da na ajiye aiki na dawo Karaye, usur nake riƙewa. Gwiwa ta hana ni gudu, amma ba ta hana ni tsayawa a tsakiyar fili ina raba gardama ba. Muna da ƙungiyar ƙwallo ta magidanta. Ƙaraminmu ya haura arba'in, babbanmu kuwa ba a tambayarsa. Akwai malaman makaranta, akwai mai kemis, akwai tela, akwai manoma da ke zuwa daga ƙauyen Turawa a kan babur da takalma rataye a wuya. Ranar Asabar da hantsi ake bugawa a filin wata firamare, a yi gumi, a tsokani juna, a sha kunu a watse.

Sau ɗaya a shekara, idan an gama cirar gyaɗa an kai dawa rumbu, mukan kara da takwarorinmu na Rogo. Bana mu je, baɗi su zo. Babu kofi, babu kyauta. Abin da ake ci kawai shi ne bakin magana na shekara guda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ci, a kasuwa za a tare shi, a wajen ɗaurin aure za a tare shi, har a wajen suna ana rabon goro. Shekaru da dama a jere mu ake ci. Mutanen Rogo har sun daina ce mana sannu da zuwa, sai dai su ce sannunku da kawo raga.

A cikinsu akwai aminina, wani Bafulatani na wajen Ruwan Bago. Mun haɗu ina saurayi, sabon malamin dabbobi, na je yi wa shanunsu allura, shi ne ya riƙe mini bijimin da ya so ya kai ni lahira. Daga baya aiki ya ɗauke ni. Na zauna a Nijar, na zauna a Chadi da Sudan da Kamaru, na ɗan taɓa Gana, na kwaso harsuna a hanya kamar yadda riga ke kwasar ƙarangiya. Duk lokacin da na zo gida hutu, gidansa nake fara zuwa bayan na gaida mahaifiyata. Har Allah ya ƙaddara ɗan ƙanwata ya auri 'yarsa, zumunci ya ƙara kauri.

Tsohon nan ya girme ni, amma yana buga ƙwallo. Ba ya gudu. Yakan shigo bayan an dawo hutun rabin lokaci, ya tsaya can gaba ta hagu, wando a naɗe zuwa gwiwa, hula a ka. Idan ƙwallo ta zo masa sai ya taka ta, ya ɗaga kai kamar mai duba garke, ya aika ta inda ya ga dama. Ƙafarsa ba ta da ƙarfi, amma tana da ido. Wanda ke tsaron wannan gefen a ɓangarenmu kuwa shi ne ɗan ƙanwar tawa, surukinsa, wani ƙato mai sayar da taki a kasuwa. A gida ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. A fili kuma sai ya tsaya gabansa da ɗan tazara, ya buɗe hannuwa, idonsa a kan ƙafafun tsohon, yana cewa, "Baba, a yi a hankali." Shi kuma ya ce, "Kai dai tsare gidanku." Ba wanda ya rubuta wannan doka. Su ma 'yan Rogo haka suke yi wa tsohon hedimastanmu idan ya riƙe ƙwallo.

Ƙwallon nan ita ce ta riƙe aminina a tsaye. Tun da ya miƙa wa 'ya'yansa shanu ya zama mai zaman gindin bishiya, jininsa ya hau, ƙafafunsa suka fara nauyi. Likita ya ce ya riƙa tafiya, ya ƙi. Amma saboda kada ya ji kunya a gabanmu, kullum da safe sai ya zagaye gonarsa da sauri, yana haki, yana cewa yana shirin Karaye. Ni ba ruwana da wanda ya ci. Abin da nake so shi ne in ci gaba da ganin tsohon nan a fili.

Ana haka sai muka sami koci. Ƙanin matar mai kemis ne, yana koyar da motsa jiki a wata makarantar kuɗi a Kaduna, ya dawo gida. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Ya ce ya yi wani karatu ta waya kan yadda ake horar da tunanin ɗan wasa, domin a cewarsa rabin ƙwallo a ka ake buga ta.

Zan faɗi gaskiya, da farko na ji daɗinsa. Yakan zaunar da 'yan wasanmu kafin a fara, ya sa su ja numfashi a hankali su sake shi a hankali har kafaɗu su sauka. Yakan ce wa mai bugun fenareti ya rufe ido ya ga ƙwallon tana shiga raga kafin ya taɓa ta. Wanda ya yi kuskure, ya koya masa ya ce "ya wuce" ya ci gaba, maimakon ya tsaya yana dafe kai. Telanmu, wanda a da in ya buga ƙwallo sai an je gonar bayan makaranta nemo ta, ya fara samun raga. Mai tsaron gidanmu ya daina rawar jiki. Ban ga baƙon abu a nan ba. Na ga 'yan kokawa a Yamai suna zama shiru kamar masu jiran liman kafin a kira su. Na ga wani tsoho a Kumasi da ba ya taɓa ɗan dara sai ya lumshe ido ya gama wasan a ransa. Natsuwa ce, kuma ko'ina tana da daraja. Har na gaya wa kocin haka, ya ji daɗi.

Wata Asabar ya zo da hoton bidiyon wasan bara a wayarsa. Bayan an tashi ya tara mu a inuwar aji.

Ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni da abin da zan faɗa. Na kalli wasan nan ya fi a ƙirga. Matsalarku ba a ƙafa take ba. Kunya ce ke cin ku."

Tela ya ce, "To, mu kai ta kasuwa?"

"Ku bar ta a gida ranar wasa, in kun dawo ku ɗauka." Ya miƙo wayar wajen ɗan ƙanwata. "Yaya, dubi nan. Tsohon nan ya riƙe ƙwallo, kai kuma ka tsaya gabansa kamar ka zo neman aure."

Mai kemis ya ce, "Ai ya riga ya samu, godiya yake yi."

Aka fashe da dariya. Ɗan ƙanwata ya yi dariyar shi ma, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Koci ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya iya ture wancan don ya koyar da shi a firamare. Wancan yana kauce wa wannan don ƙanin kakarsa ne. Rabin ƙwallayen da aka zura mana, in ji shi, daga ƙafar mutanen da muka ƙi taɓawa suka fito. Bai yi ƙarya ba.

Na ce masa, "Ɗana, na zauna da Larabawa, suna da sunan kunyar nan, suna kuma ganin darajarta. Fulani suna ce mata semtende, wanda ba shi da ita ba sa lissafa shi cikin mutane. Har Turawan da na yi aiki da su, waɗanda muke cewa ba su da ita, na ga suna sassauta wa tsohonsu a wasan ranar hutu. Ban taɓa zuwa ƙasar da ake neman maganinta kamar cuta ba."

Ya rusuna ya ce, "Baba Alhaji, gaskiyarka. A waje ado ce. A fili kaya ce."

Na duba fuskokinsu, na ga maganarsa ta fi tawa shiga. Mutanen da aka shekara ana yi musu dariya ba wa'azi suke nema ba.

Dabarar da ya kawo, ya ce sunanta cire fuska. Abokin karawa ba shi da suna, ba shi da 'ya, ba shi da furfura. Lamba ce kawai a bayan riga. To amma 'yan Rogo ba su da lamba, kowa da rigar da ya samu yake zuwa. Sai ya yi tunani ya ce a kawo hotuna. Ba a sha wahala ba, gari biyun nan auren juna suke yi, kowace waya cike take da hotunan biki da suna. Aka zaɓo, aka kai wa masu buga takardu a bakin tasha, aka fitar da kowace fuska da girmanta.

Asabar ta gaba da na iso, na tarar da buhuna cike da ƙaiƙayi a tsaye a fili, an ɗaure kowanne a jikin turke. A saman kowane buhu an manna fuska da allurar tela. Ga wani malamin Islamiyya na Rogo Sabon Gari da rawaninsa. Ga wani dillalin shanu yana dariya. A gefen hagu kuwa ga aminina, da farar hula, yana murmushi yana kallon ƙasa. Na san hoton. Ranar sunan jikarsa ta fari aka ɗauka, abin da yake kallo a ƙasan nan jaririyar ce a hannunsa, an yanke ta an bar fuskar. Ɗan ƙanwata ne ya bayar da shi daga wayarsa.

Na juya na tofar da yawu.

Ga yadda ake yi. Mutum ya tsaya ya kalli hoton cikin ido, ya ja numfashi, ya ce "buhu ne," sannan ya rugo ya doke shi da kafaɗa. Ranar farko ɗan ƙanwata ya kasa. Ya taho a guje, da ya kusa sai ya kauce, har hannunsa ya kai ka kamar zai cire hula. Aka yi ta ihu.

"A gaida surukin kirki!"

"Ku kawo masa tabarma ya durƙusa!"

Na ce a raina alhamdu lillahi, abin ba zai yi ba. Ashe ban san kocin ba. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba. Ya mayar da shi nesa ya ce ya kalla kawai. Wani makon ya matso da shi, ya ce ya taɓa buhun da hannu. Wani makon ya jingina da shi. Wani makon ya tura a hankali. Na san wannan dabara sarai, da ita muke saba wa maraƙi da igiya, yau a nuna masa, gobe a ɗora masa a wuya, jibi a ja. Ban taɓa zaton zan ga an yi wa magidanci mai 'ya'ya ita don a raba shi da kunyar uban matarsa ba. A wata ƙasa da na yi aiki lokacin da ta rikice, na ga yadda aka fara koya wa samari su daina kiran maƙwabtansu da suna. Ban ce wannan da wancan ɗaya ne ba. Amma da na ji manyan mutane suna haɗa baki suna cewa "buhu ne, buhu ne," can tunanina ya tafi, kuma ban so ba.

Kafin a gama girbi ɗan ƙanwata yana dukan buhun nan har turke ya tuge. Takardar takan yage, gumi ya ɓata ta, wani lokaci ta faɗi a taka, sai a bugo wata. Wata rana an watse ina haɗa kayana, na hangi akuya a gefen fili tana tauna wani abu. Na matsa. Fuskar aminina ce, ta cinye hular da ido ɗaya. Na fizge sauran daga bakinta, gemu da rabin murmushi, sharkaf da yawu. Na tsaya riƙe da shi ban san inda zan kai shi ba. Ba a jefa fuskar mutum a juji, ba a kuma kai wannan gida. A ƙarshe na tona rami da tsinke a gindin katanga na rufe.

Na sami ɗan ƙanwata a shagonsa, tsakanin buhunan taki.

Ya ce, "Kawu, wasa ne fa. Takarda ce."

Na ce, "Uwar 'ya'yanka ta san inda hoton sunan 'yarta yake kwana?"

Ya hau kaɗe teburi.

"In wasa ne, gaya mata ku yi dariya tare."

Ya ce, "Kawu, kai alƙali ne, ba a cin ka. Ni in na shiga kasuwar Rogo, tun daga bakin hanya ake kira, ga surukin kirki, ga wanda ya biya sadaki da raga. Yara ma sun haddace. Sau ɗaya nake so in shiga kasuwar nan kaina a sama."

"Kan naka zai tashi, na wani zai sauka."

"Ba zan ji masa ciwo ba. Koci ya koya mana yadda ake yi bisa doka."

Na fito ina jin warin takin nan har cikin maƙogwaro.

Na kira aminina a waya na gaya masa komai, ban rage ba. Na yi zaton zai yi fushi, ko ya ce bana ba zai zo ba, kuma da na fi son haka. Sai ya kwashe da dariya har yana tari.

Ya ce, "Hotona a buhu? To Allah ya sa sun zaɓi wanda na yi kyau."

Na ce, "Malam, ba abin dariya ba ne."

"Kai dai ka cika tsoro tun kana yaro, bijimi ma sai da na riƙe maka. Yaron nan ko sunana ba ya iya faɗa. Takarda daban, mutum daban. In ya gan ni a tsaye ƙafarsa za ta tuna."

Ranar wasa suka iso da hantsi, wasu a mota wasu a babura, da ƙoren fura da nono kamar yadda suka saba kawowa. A al'ada mukan tare su tun daga bakin titi, a yi ta musabaha, a tambayi gida da gona da dabbobi, gaisuwar ma takan kusa kai tsawon wasan. Ran nan ni kaɗai na tare su. Mutanenmu suna zaune a jere a gindin katanga, ido a rufe, wasu sun toshe kunne da auduga. Koci ya ce babu gaisuwa sai an tashi, domin gaisuwa ita ce ƙofar da kunya ke shigowa.

'Yan Rogo suka matsa suka yi sallama. Shiru. Suka sake. Na ga leɓɓa biyu ko uku sun motsa, suna amsawa a ɓoye kamar masu satar amsa a jarrabawa. Tsohon hedimasta ne kaɗai ya miƙe ya ce, "Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa, ku yafe mana, hauka ce ta same mu." Sauran suka zauna kamar an dasa su. Musulmi, masu furfura, an yi musu sallama a garinsu sun toshe kunne saboda ƙwallon da ko kofin roba ba a ci a kanta. Na sha ganin rashin kunya a tashoshi da kan iyakoki, amma irin ta gaggawa ce, ta yunwa. Wannan kuwa an zauna an koye ta, an yi mata bita.

Aminina ya bi layin a hankali har ya zo gaban surukinsa, ya ɗan tsaya yadda babba ke tsayawa don a gaishe shi. Yaron ya buɗe ido ya zuba su cikin nasa, bakinsa yana motsi. Na san abin da yake faɗa. Tsohon ya ƙaraso wajena ya tambaye ni da Fillanci, a hankali, ko yaron nan lafiyarsa ƙalau. Na ce ƙalau yake.

Ba zan ɓoye ba, sun buga ƙwallo. Ban taɓa ganin mutanenmu sun buga irinta ba. Ba hayaniya, ba zargin juna, kowa ya san inda zai tsaya. Tela ya ci ɗaya mai kyau. Malamin Islamiyyar nan ya sha kafaɗa daga tsohon ɗalibinsa, ya tashi yana kallonsa da mamaki. 'Yan Rogo suka rikice, suna ta waige kamar waɗanda suka shiga gidan da ba nasu ba.

Bayan hutu aminina ya naɗe wando ya shigo. 'Yan kallo, namu da nasu, suka yi masa tafi kamar kullum. Ba a jima ba aka turo masa ƙwallo. Ya taka ta, ya ɗaga kai.

Bai gama ɗagawa ba. Yaron ya taho da dukkan nauyinsa, ya sa ƙafa ya zare ƙwallon, kafaɗarsa ta haɗu da ta tsohon. Tsohon ya tafi gefe guda ya faɗi a kan kwankwaso, hula ta yi nan, takalmi ɗaya ya yi can. Yaron ya tsallake shi ya wuce. Koci yana ihu daga gefe, "Haka ne! Kada ka waiwaya!" Bai waiwaya ba.

Na busa usur da duk iskar da ke ƙirjina.

Aka tsaya. Koci ya shigo fili da hannuwa a buɗe, cikin ladabinsa na kullum. "Baba Alhaji, mene ne laifin? Ƙwallo ya fara taɓawa. Kafaɗa da kafaɗa ne."

Na san dokar ƙwallo, na karanta ta da Turanci da Faransanci, babu inda ta ambaci suruki.

Daga ƙasa aminina ya ce, "Alhaji, bar usur ɗin nan. Yaron ya yi daidai. Babu laifi."

Wani ɗan Rogo ya ba shi hannu ya miƙe. Ya karɓi hularsa ya kaɗe, ya ɗauki takalmin a hannu bai sa ba, ya fita yana ɗingishi. Ya warware wandonsa, ya zura babbar riga, ya zauna a kan benci ya kalli sauran wasan har ƙarshe. Mun ci su uku da nema.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗuwar ɓata mini rai. Ina busa tashi, mutanenmu suka zare auduga daga kunne, fuskoki suka washe, suka nufi baƙi da hannu biyu. Sannunku da zuwa, ya hanya, ya iyali, ya aka ji da aikin gona, ina gajiya. Kamar an kunna fitila. Ɗan ƙanwata ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban benci, kansa a ƙasa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Allah ya sa ba a ji ciwo ba."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna gaisuwa, Baba."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Tsohon bai rage masa ko kalma ɗaya daga gaisuwar ba. Ni kuwa ina tsaye ina kallon wuyan nan da ya sunkuya, ina tunanin ashe kunyar abar cirewa ce a mayar, kamar hula. Duk shekarun nan na ɗauka a jikinsa take.

An shimfiɗa tabarmi, an kawo tuwo da miyar taushe, ana dama furar da suka kawo. A al'ada kowane faranti sai an haɗa mutanen gari biyu. Aminina ya ce a yi masa uzuri, ya bar saniya ba lafiya. Kowa a wajen ya san ba shi da sauran saniyar da yake kwana da tunaninta. Ya hau bayan babur ɗin wani ƙaninsa, ya zauna a karkace saboda kwankwason, suka tafi.

Na bar kwanaki suka wuce sannan na je Ruwan Bago. Na same shi a tabarma yana tufka igiya. Ƙashi bai karye ba, ya ce, tsami ne kawai, ya ma sake shi. Muka sha fura, muka yi zancen farashin dawa. Da na ga ba zai tayar da maganar ba sai na tayar. Na ce yaron ya yi nadama, ko da yake ban tabbata ba. Na ce baɗi a Rogo za a yi, a gidansu, kuma ni ne alƙali, zan kafa sharaɗi tun kafin a fara.

Ya ce, "Wane sharaɗi? Ka ce kada a taɓa tsoho? A da ba wanda ya ce, shi ya sa yake da daɗi. In sai an faɗa, sadaka ce, ni kuma ban zo bara ba."

Na ce, "To ko don ƙafafunka."

Ya ajiye igiyar. "Faɗuwa ba komai ba ce, Alhaji. Bijimi ya sha kayar da ni kana kallo. Amma bijimi in zai tunkuye ka, ya san kai ne. Yaron nan tun da ya auri 'yata bai taɓa kallon idona ba sai ran nan. Ya kalla, ya daɗe yana kallo, kuma bai ga kowa ba."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Aminina bai koma fili ba. Zagayen gona ma ya bari, ya ce ba shi da wanda zai yi wa shiri. Surukinsa yana zuwa gaishe shi da Sallah da goro da turmin atamfa, ya durƙusa, a amsa masa lafiya lau. Yanzu yaron yana shiga kasuwar Rogo kansa a sama, an daina kiransa surukin kirki. Su kuma 'yan Rogo ba su kwanta ba, suka nemo nasu kocin daga Zariya.

Da shekara ta zagayo aka buga a Rogo. Daga filin na wuce gidan aminina kafin in kama hanya. Ƙafafunsa sun kumbura, ya miƙe su a kan matashi. Bai tambaye ni wanda ya ci ba.

Ya ce, "Wa aka kayar?"

Na ce mutum biyu, tsohon hedimastanmu da wani dattijo nasu.

Ya gyaɗa kai. "Ɗaya da ɗaya. To madalla, an yi adalci."

Ya kira a kawo mini ruwa.